Kwaɗayin dare, littafin da ya ƙi ƙarewa da tibin gidan maƙota

Wa alaikumussalam ƙanwata. Tun jiya na ga tambayarki amma ina tsaka da wanke-wanke, na ce bari sai na zauna don amsar ba ta layi biyu ba ce. Kin ce ke dai da goma ta yi na dare sai ranki ya hau biya miki shawarma ko Indomie da ƙwai ko da kin ci tuwo kin ƙoshi, littafi ɗaya kin yi wata huɗu kina jan sa ko rabi ba ki kai ba alhali da a kwana biyu kike tashi da shi, ga kuma kewar shirye-shiryen tibi na da da ta dame ki, shi ne kike tambaya wai ko tsufa ne ya fara ƙwanƙwasa miki ƙofa. Tsufa a shekara talatin da ɗoriya? To mu da muka ba arba'in baya sai a ce me, a kai mu gidan tarihi na Makama kenan.

Nikam na yi wannan ciwon, duka ukun, kuma sai da na daɗe kafin na gane uwarsu ɗaya ubansu ɗaya.

Bari na fara da tibin tunda shi ya fi min daɗin labari. A Fagge na tashi, kuma gidanmu ba mu da tibi sai da na kusa gama firamare, gidan wani Alhaji maƙocinmu muke zuwa kallo, irin baƙi da farin nan mai ƙofar katako da ake ja a rufe har da ɗan mukulli. Yaran yanzu in na ce musu tasha tana da lokacin buɗewa sai su ɗauka zolaya ce. Sai ƙarfe huɗu na yamma fa ake buɗewa, kafin nan ba abin da za ki gani sai wasu layuka a tsaye da wata ƙara tiiii, amma haka za mu jeru a kan tabarma muna kallon layukan nan kamar wani abin arziki, Hajiyar gidan kuma ba ta barin kowa ya shiga sai ya wanke ƙafa a bakin rijiya. Tasha biyu ce, NTA da CTV, ita CTV ɗin gwamnatin Abubakar Rimi ce ta kafa ta, ita ce aka mayar ARTV bayan rasuwarsa a 2010. Eriya tana can saman wata doguwar gora, da iska ta kaɗa sai hoto ya koma yayyafi, a tura yaro ɗaya waje ya juya, mu muna ciki muna ihu, juya, juya, ya wuce, dawo, yawwa tsaya nan kar ka motsa! Shi kuma bawan Allah yana riƙe da gora yana jiyo dariyarmu daga waje bai san me ake wa dariya ba. Yayana ne ya fi shan wannan aikin, har yau in an taɓo zancen sai ya ce bai yafe ba.

Ranar Samanja kuwa layin nan tsit yake yi. Usman Baba Pategi da ke fitowa a Samanjan, Allah ya ji ƙansa, a 2023 ya rasu, tsohon soja ne na gaske shi ya sa Hausar barikin nan tasa ba kwaikwayo ba ce, in ya murza gashin baki ya zaro ido mu ƙanana har ja da baya muke yi. Ga su Kasimu Yero, ga Karkuzu daga Jos, ga Golobo. Lahadi da yamma akwai na tatsuniyoyin Turanci da ake tara yara a gindin bishiya. Indiya kuma lokacin ba fassara, wani saurayi ne a layinmu yake mana bayani da ƙarfin hali kamar a Bambai aka yanke masa cibiya, sai da na girma na gane rabin labarin shi yake ƙirƙira. Da tara ta yi aka saka labaran ƙasa, shikenan, dattawa su gyara zama a kore mu. In kuma NEPA ta ɗauke wuta ana tsakiyar wasa to kin rasa kenan, ba maimaici ba komawa baya, sai dai gobe a makaranta ki nemi wadda unguwarsu ba a ɗauke ba ta ba ki ƙarashen, ki biya ta da gullisuwa.

Kinga gullisuwar nan ta kawo ni kan abinci. Mu ma fa mun yi kwaɗayi, kar wani ya zo ya ce miki mutanen da ba su san ƙwalama ba. A ƙofar gidan kallon nan akwai mai tallan gyaɗa da aya, akwai alawar madara, hanjin ligidi, carbin malam, ɗan tamatsitsi, daga baya awara ta shigo ta kori kowa. Sai dai komai da lokacinsa kuma da iyakarsa, iyakar ita ce kuɗin da ke ƙulle a bakin zaninki. Babban abin shi ne tsire. Babanmu ba kullum yake sayowa ba, sai ranar da kasuwa ta yi kyau, kuma sai dare ya yi nisa yake shigowa da shi a naɗe cikin takarda duk mai ya huda ta. Ina tuna yadda Inna take tashinmu daga barci, ido a rufe, a danƙa miki tsoka biyu da ɗan yankan albasa da ƙuli a tafin hannu, ki tauna kina gyangyaɗi, da safe ki tashi kina shinshina hannunki don ki tabbatar ba mafarki kika yi ba. Wallahi na ci nama a wurare masu tsada daga baya, ban taɓa jin wanda ya kamo tsoka biyun nan ba. Mr Bigg's kuwa sai ina budurwa na fara shiga, da sallah, an yi kwalliya an ci ɗaurin ɗankwali, a sayi mitfai ɗaya da lemo a zauna ana yanga ana gutsura kaɗan kaɗan don kar ya ƙare. Wata guda muna labarin.

Yanzu fa? Kina kwance kan gado za ki tura saƙo, ki yi taransifa, kafin minti arba'in ɗan mashin yana ƙofar gida yana kira. Ba jira, ba ranar da kasuwa ta yi kyau.

To ga yadda nawa ya kasance. Shekara uku da suka wuce na je awo aka ce jinina ya hau, likitar ta hau tambayata me nake ci, na fara lissafo mata tuwo da miyar kuka da ɗanwake kamar mutuniyar kirki, ta ce da daddare fa? Nan na yi shiru. Don gaskiya kusan kullum sai na dafa Indomie wajen sha biyu, biyu nake haɗawa, in zuba sinadarin duka in ƙara dunƙule a kai in fasa ƙwai biyu, ranar da aljihu ya yi nauyi kuma shawarma. Ita ta fara nuna min lissafin da ban taɓa yi ba. Mu Hausawa da an idar da magariba ko isha muke cin tuwo, ki ce bakwai da rabi zuwa takwas. In kin kwanta goma lafiya lau, cikinki bai gama da tuwon ba. Amma in kina riƙe da waya har ɗaya na dare, awa biyar kenan, yunwa ce ta gaske take kama ki ba aljanu ba. Kuma ta ce ƙarancin barci shi kansa yana ƙara wa mutum jin yunwa, kuma ba zogale rai zai biya miki ba, sai mai maiƙo da zaƙi da gishiri. Ki ƙara da abin da muke kallo a wayar, daga wannan tana yanka kaza tana tsiyaya sai wancan yana matsa mayonis a burodi, ke da kika ci tuwon dawa tun ɗazu ina za ki iya.

Sai na lura lokacin da nake wannan danne-dannen, daga goma zuwa ɗaya, ai shi ne lokacin da da nake karatu. Ba wani ne ya sace min son littafi ba, gurbinsa aka zauna.

Don ni fa mayyar littafi ce ta bugawa a jarida. Magana Jari Ce na fara da shi a firamare, na Abubakar Imam, duka ukun, na farkon har bangonsa ya cire aka ɗinke min da zare. Da muka shiga sakandare ta kwana kuma sai littattafan soyayya na marubutan Kano, lokacin suna tashe sosai. Haya ake bayarwa, ki karɓa yau ki mayar gobe, in kin ƙara kwana a ƙara miki kuɗi, shi ya sa dole ki zauna ki cinye shi a daren. A makaranta littafi ɗaya sai ya zaga ɗaki guda, ana layi, har ta kai in an matsu a raba shi gida biyu, wata tana karanta farko wata tana tsakiya. Cikin littafin lissafi muke ɓoye shi lokacin firef, da daddare kuma a lulluɓa da bargo a kunna tocila, zufa tana zuba ba ruwanki. Wata malama ta taɓa kama ni ta ƙwace min littafi na biyu ina saura shafi kaɗan, na yi kuka kamar an yi min mutuwa, ba don bulalar ba, don ban san ko an ɗaura auren ba. Kuma marubutan nan sun iya mugunta, a tsaya miki daidai inda numfashinki ya tsaya a ce mu haɗu a littafi na uku, na ukun kuma sai ki yi wata da watanni kina leƙa shagon mai haya kina tambaya ko ya fito.

Ba wai yanzu ba na karatu ba ne fa, in za a ƙirga kalmomi ƙila na fi da karantawa. Ga littattafan WhatsApp da ake biya a saka ki a rukuni ana turo shafi kullum, ga na Wattpad, ga masu karantawa a YouTube kina aiki kina saurare, kuma akwai masu alƙalami sosai a cikinsu ban raina musu ba. Matsalata da su ita ce a cikin wayar suke. Kina tsakiyar shafi saƙo zai faɗo, ki ce bari na duba, daga nan sai Facebook, daga nan sai ga mai shawarma, kin dawo kin manta sunan kishiyar ma. Na karanta sun fi a ƙirga a waya amma yau in kin ce na ba ki labarin guda uku tiryan-tiryan ba zan iya ba, na hayar nan kuwa har kalar bangonsu ina gani.

Abin da na yi ba wani abin a zo a gani ba ne. Caja na cire daga gefen gado na mayar falo, goma da rabi waya tana can, in akwai mai nemana da gaggawa zai kira zan ji. Satin farko kam na sha wuya, sai na ji hannuna yana laluben gefen filo shi kaɗai, sau biyu ina tashi cikin sanɗa na ɗauko ta kamar ɓarauniya a gidana. Na ajiye littafi na takarda a wurin, kuma ban fara da mai kauri ba, kar ki yi wannan kuskuren, wancan da kika yi wata huɗu kina ja ki ajiye shi kawai, ba bashi ba ne. Siriri na samo na ce shafi goma kawai, yawanci kafin na kai goman barci ya kwashe ni, wanda shi ma riba ce. A hankali goma ta koma talatin. Bara na gama guda bakwai, na rubuta sunayensu a bayan kalandar kicin don jin daɗina.

Abinci kuma ban ce miki na daina ba, ƙarya haramun. Ranar Juma'a na ware, ranar ce ta shawarma ko tsire ko gurasa bandashe, ni da yara, kuma da wuri bayan isha ba tsakar dare ba. Abin dariya tun Laraba suke fara lissafi, ƙaramin har yana tambaya saura kwana nawa, sai na ga kaina a jikinsa. Indomie in zan ci ɗaya nake dafawa, rabin sinadarin, in cika ta da kabeji da karas da albasa. In yunwar dare ta taso da gaske akwai dabino da gyaɗa ko ɗan kunu, ba daɗi ɗaya ba kam, amma ana kwana. Jinin ya sauka, da magani dai, kar na ce miki dabarata ce kaɗai, ke ma in kin daɗe ba ki auna ba ki leƙa ko kemis ne a duba miki.

Na tibin ne dai ban samo masa magani ba. Na taɓa nemo tsohon Samanja a YouTube da murnata, na kwanta ni kaɗai na kunna, hoton duk ya dusashe murya tana shaƙewa, ko minti goma ban yi ba na tsinci kaina ina duba wani abu daban. Har na ce ashe dama abin bai kai yadda muke zuzuta shi ba. Sai da sallar bara muka haɗu a gida, na haɗa wayar da tibin falo, Inna tana nan, yayana mai riƙe gora yana nan, jikoki sun cika ƙasa. Ana farawa Inna ta hau faɗin abin da zai ce kafin ya faɗa, yayana yana dariya har da hawaye, yaran ba su gane rabin Hausar barikin ba amma ganin kakarsu tana ƙyaƙyatawa su ma suka kama. Muna tsaka da haka aka ɗauke wuta, falon gaba ɗaya har da waɗanda ba a haifa ba lokacin da aka canja wa kamfanin suna muka haɗa baki muka ce NEPA! Yayana ya miƙe zai je ya tada janareto yana cewa shi dai har ya mutu shi ne ɗan aiken waje.

Ki gwada na cajar nan sati biyu ki dawo ki ba mu labari. Kuma don Allah wane littafi ne wannan da ya ƙi ƙarewa wata huɗu, faɗa min sunansa, in na taɓa karantawa na gaya miki ko laifinki ne ko nasa.