Hidima a Danja, tsakanin mata masu yoyon fitsari

Tambaya: Ni ma'aikaciyar jinya ce a Jos. Ikilisiyarmu za ta tura ni hidimar wata uku a cibiyar yoyon fitsari ta Danja, kusa da Maraɗi a Nijar. Me zan shirya?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya ba ki ƙarfi. An buɗe cibiyar a 2012 da haɗin gwiwar SIM, wata ƙungiyar mishan ta Kirista. Ki tanadi fasfo, katin rigakafin shawara, da takardun aikinki.

Aikin da zai fi cin lokacinki shi ne robar fitsari. Bayan tiyata tana zama kamar kwana 14. Idan ta lanƙwashe ko jini ya toshe ta, mafitsara ta cika, ɗinki ya warware, wahalar likita ta tashi a banza. Ki riƙa duba jakar da fitsarin ke zuba a ciki dare da rana. Mara lafiya ta sha ruwa sosai, har fitsarin ya yi fari kamar ruwa.

Kafin sallama ki zaunar da mijinta, in yana nan: babu kwanciya sai bayan wata uku aƙalla, haihuwa ta gaba kuma a asibiti, ta tiyata.

Yawancin matan Musulmi ne, wasu an sake su saboda wari. Ki zauna a tabarmarsu, ku ci kwano ɗaya. Kada ki ɗauki hoto ko ki yi wa mace addu'a sai ta yarda.