Takardar da Muka Sa wa Hannu a Faransa Za Ta Hana Ni Rabon Gida a Ingila?

TAMBAYA: Ni ’yar Maraɗi ce, an ɗaura mana aure a birnin Lyon na Faransa shekara 12 da suka wuce. Kafin auren, maigidana ya kai ni wurin jami’in tabbatar da takardu, wanda Faransawa ke kira notaire, muka sa hannu cewa kowa da dukiyarsa. Yanzu muna zaune a Birmingham da ’ya’ya uku, gidan kuma da sunansa aka saya. Aure ya zo ƙarshe, yana cewa ba ni da komai. Gaskiya ne?

AMSA: Malama, Allah ya kawo sauƙi. Maganar maigidanki ba daidai ba ce, amma kada ki ɗauki takardar nan da wasa.

Kotun Ingila ta yarda da auren da aka ɗaura a wata ƙasa muddin ya inganta bisa dokar inda aka ɗaura shi, sai dai idan aka zo rabon dukiya, dokarta take bi, wato dokar sakin aure ta 1973, wadda ta sa jin daɗin yara ƙanana a gaba, sannan ta umurci alƙali ya duba buƙatun kowa, tsawon zaman aure da gudunmawar kowa, har da raino da hidimar gida. Sunan da ke kan takardar gida ba shi ne ke yanke hukunci ba.

Yarjejeniyarku kuwa, matsayinta ya fito ne daga shari’ar Radmacher da Granatino, wadda Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke a watan Oktoban 2010. Matar Bajamushiya ce mai tarin gado, mijin Bafaranshe, sun sa hannu a Jamus a 1998 cewa babu wanda zai nemi dukiyar wani. Mijin bai nemi shawarar lauyan kansa ba, amma duk da haka kotu ta riƙe shi a kan abin da ya sa wa hannu, domin ma’aikacin banki ne da ya san abin da yake yi. Ƙa’idar da aka kafa ita ce a yi aiki da yarjejeniya idan an ƙulla ta ba tilas, kowa ya fahimci abin da ta ƙunsa, kuma aiki da ita ba zai zama zalunci ba. A ganina nan ne ƙarfinki yake, domin kotu ba ta barin takarda ta tauye buƙatun yara ko ta bar uwarsu ba muhalli. Abin da za ta iya rage miki shi ne rabo daga abin da ya wuce buƙata.

Ki kula da inda za a shigar da ƙarar. Idan a Faransa aka shigar da ita, kotun can za ta yi aiki da yarjejeniyar kamar yadda aka rubuta ta, ko da yake za ta iya ba ki diyyar bambancin rayuwa, wato kuɗin rage giɓin da saki ya haifar tsakanin halin rayuwarki da nasa. Saboda haka ki hanzarta ganin lauyan harkokin iyali, ki tafi da asalin takardar da fassararta ta Turanci, ki kuma gaya masa ko an yi miki bayaninta kafin ki sa hannu.