Sinukar Sheffield, da mu da muka zama 'yan gari

Malam, ka ce ka ga ina ta da jijiyar wuya kan kada a ɗauke gasar sinuka ta duniya daga Sheffield, har kana tambaya wai Bahaushe Musulmi ne zai ƙi a kai abu Saudiyya? Ka ƙara da cewa da alama ruwan Ingila ya ci mu. To, saurara.

Na san yadda ake kallon sinuka a gida: tebur a rumfar kwano bakin titi, samari sun yi masa zobe, iyaye na korar 'ya'yansu daga wurin. A nan ma ba a rasa abin ƙi, don kamfanin sigari da na caca sun daɗe suna ɗaukar nauyin gasar, kuma ba ruwanmu da wannan ɓangaren. Amma wasan kansa na natsuwa ne. Tun 1977 ake yin gasar a gidan wasan kwaikwayo na Crucible da ke tsakiyar gari, kwana 17 daga Afrilu zuwa farkon Mayu. Kujeru 980 ne kacal, 'yan kallo dab da tebur, ko tari ya taso maka sai ka haɗiye shi. Ƙanƙantar ce ta jawo rigimar. Barry Hearn, wanda kamfaninsa ke riƙe da akalar wasan, ya sha cewa a babban zaure zai sayar da tikiti ninkin ba ninkin, ga Sin da Saudiyya da kuɗi a hannu. Ɗan wasa Hossein Vafaei ɗan Iran kuwa a 2024 cewa ya yi wurin wari yake yi. Da Zhao Xintong na Sin ya ɗauki kofin a 2025, sai masu son a tashi suka ƙara samun bakin magana.

Suna da hujja, ban musa ba. Sai dai je ka ce wa Bakabe za a kwashe kamun kifin Argungu daga Matan Fada a kai Abuja don can ne ake da manyan otal, ka ga ko zai tsaya jin lissafi. Saudiyya muna zuwa Hajji da Umara kamar kowa. Riyad ta yi tata gasar sinukar a 2024, kyautarta fam 500,000, daidai da ta zakaran duniya a shekarar. Me ta rasa? Sheffield kuwa ƙarfe ne ya gina shi, masana'antun suka durƙushe a shekarun 1980, kuma makonnin gasar kaka ce ga masu abinci da direbobin tasi, cikinsu har da namu da 'yan Yaman da Somaliya da Pakistan.

Amma na san ba sinukar ce damuwarka ba, auren babban ɗana ne. E, Baturiya 'yar garin nan ya aura. An ɗaura a masallaci, an biya sadaki, an raba dabino, duk da haka har yau wasu a dangi na ƙus-ƙus kamar an yi rashi. Mahaifinta tsohon ma'aikacin ƙarfe ne, magana ba ta dame shi ba, ni kuma ga kunyar surukuta, sai mu zauna kowa na kallon kofin shayinsa. Sinuka ce ta buɗe mana baki. Shi ya ba ni labarin daren wasan ƙarshe na gasar 1985, da Dennis Taylor ya kayar da Steve Davis a baƙar ƙwallon ƙarshe bayan sha biyun dare, mutum miliyan 18.5 sun hana idonsu barci a gaban talabijin. Yanzu duk Afrilu a falona yake yini, har ya koyi sa hannu a tuwo da miyar kuka, yaji ne dai har yau yake ba shi kashi.

Jikokina Hausarsu da gargada, ban ɓoye ba, kuma abin na ci mini rai. Amma suna durƙusawa su gaishe ni, suna zuwa islamiyya ran Asabar, ƙaramar ma sunan mahaifiyata aka sa mata, gidan kaf Ummi ake ce mata. Yara nawa ne a Abuja, iyayensu Hausawa gaba da baya, da ba sa iya haɗa jimla ɗaya ba Turanci? Su ba a tambayar asalinsu, sai mu.

Kuma don Allah in mun zo gida a daina ce mana 'yan Landan. Tsakaninmu da Landan tafiyar wajen awa biyu ce a jirgin ƙasa, kuma mutumin Yorkshire ba abin da ya tsana irin a haɗa shi da mutanen Kudu.