Keshi: A Fili Ya Fi Suna Ko a Benci?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Gardama ce ta kaure a majalisarmu ta wajen mai shayi. Samari sun dage cewa marigayi Stephen Keshi bai yi wani suna ba sai da ya zama koci. Ni da na ga zamaninsa na ce sam ba haka ba ne. A raba mana gardama.
Daga mai karatu a Tudun Wada, Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam. Yaya, gaskiyarka ce, amma kada ka ga laifin yaran. Yawancinsu ba a haife su ba lokacin da Keshi ke ɗaure da kambun kyaftin.

Abin da ya dushe sunansa na ɗan wasa shi ne gurbinsa. Mai tsaron baya ne, mu kuwa mai zura ƙwallo muke riƙewa a baki. A 1994 na kalli wasan ƙarshe na Kofin Afirka a zauren wani maƙwabcinmu a Ƙofar Doka, mun cika maƙil har bakin ƙofa. Najeriya ta ci Zambiya 2-1 a Tunisiya. Washegari duk unguwa Amunike ake kira, shi da ya ci duka biyun, sai Rashidi Yekini. Keshi ne kyaftin ɗin tawagar, amma ba na jin an ambace shi sau uku a zauren nan. Alhali mutumin ya buga wa Anderlecht ta Beljiyam da Strasbourg ta Faransa, kuma tafiyarsa Beljiyam ce ta buɗe wa 'yan wasanmu da dama hanyar Turai. Wannan kaɗai ya isa a girmama shi.

A benci kuwa babu mai tare shi. Ya kai Togo Kofin Duniya na 2006, karon farko a tarihinta, aka sallame shi kafin gasar aka ba Otto Pfister. Har yau abin yana mini ciwo: wani ya yi noma, wani ya kwashe amfani. Ya horar da Mali, sannan ya karɓi Najeriya a 2011.

Ƙarfin halinsa na 2013 ne ya fi burge ni. Ya ɗebi yara masu buga gasar cikin gida, ana ta surutu, ya toshe kunne. Ɗaya daga cikinsu, Sunday Mba, shi ya ci Burkina Faso ƙwallo ɗaya tilo a wasan ƙarshe na Kofin Afirka a Afirka ta Kudu. Daren nan daga gidan kallo a Sabon Gari muka fito, 'yan acaɓa sun cika titi da hon. A 2014 ya kai mu zagaye na biyu na Kofin Duniya a Brazil, Faransa ta fitar da mu da 2-0.

In kun zauna gobe, ka gaya wa samarin cewa kafin Keshi, Mahmoud El-Gohary na Masar kaɗai ya taɓa cin Kofin Afirka yana ɗan wasa, ya kuma ci yana koci. Keshi ya rasu a watan Yunin 2016 yana da shekara 54, kuma babban filin wasa na Asaba sunansa yake ɗauke da shi.