Hukuncin koyon tashi sama da laima, da amsa ga ɗalibin da innarsa ta hana shi

Tambaya

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni ɗan unguwar Zariya ne a nan Maradi, ina karatu a Marakesh ta ƙasar Maroko, yanzu na zo hutu gida. A bayan garin Marakesh akwai wani dutse da ake kira Agargur, inda mutane ke tashi sama da laima, abin da Faransawa ke ce wa parapant. Na je na gani da idona, tun ranar kuma abin bai bar raina ba. Ina so in shiga makarantar koyo idan na koma. Da na faɗa wa Inna sai ta fashe da kuka, ta ce ba da yawunta ba. Wani kawuna kuma ya ce duk wanda ya faɗo ya mutu a wannan abu kansa ya kashe, ko salla ba za a yi masa ba. Sannan wani abokina ya ce ba sai na kashe kuɗin makaranta ba: mu sayi laima ta hannu ta intanet, mu kalli bidiyo a YouTube, ya ɗaura mini igiya a bayan motarsa ya ja ni a fili wajen Gulbi. Malam, mene ne hukuncin wannan duka?

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa, da alayensa da sahabbansa.

Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka tambaya kafin ka aikata. Na jinkirta amsarka kwanaki, domin malamanmu sun ce ba a yanke wa abu hukunci sai an san yadda yake, ni kuma sai da na zauna na fahimci wannan laima tukuna.

Yadi ne mara nauyi, ninki biyu, an ɗinka shi aljihu-aljihu, bakin aljihun a buɗe ta gaba. Idan iska ta shiga sai ya kumbura ya zama fiffike. Faɗinsa yakan kai murabba'in mita 22 zuwa 30 gwargwadon nauyin mai shi, nauyin yadin kansa kuwa wajen kilo 5 ne. Siraran igiyoyi ne ke saukowa zuwa kujerar da aka ɗaure mutum a ciki, kuma a kowane hannu yana riƙe da igiyar birki, da su yake juyawa, da su yake sauka. Ba inji. Mutum yana gudu ya gangara daga dutse, laima ta ɗauke shi. A shekarar 1978 aka fara wannan a wani ƙauye mai suna Miyusi cikin duwatsun Faransa, daga nan ya bazu, har ya zama yana da makarantu da jarrabawa da takardar shaida. Laimomin ma an kasa su daraja-daraja, daga A zuwa D, ta A ce ta mai koyo saboda ita ce mai saurin komawa daidai idan iska ta naɗe mata gefe.

To, asalin abubuwan duniya halas ne sai abin da dalili ya hana, saboda faɗin Allah a Baƙara, aya ta 29, cewa Shi ne ya halitta muku abin da ke cikin ƙasa gaba ɗaya. Babu aya ko hadisin da ya hana ɗan Adam shiga sararin sama, ga alhazanmu kowace shekara a jirgi suke tafiya. Masu cewa wannan kishi ne da halittar Allah, ko shiga hurumin da ba namu ba, ba su da hujja. A Suratul Mulk, aya ta 19, Allah da kansa ya kira mu mu dubi tsuntsaye a samanmu suna shimfiɗa fikafikai suna naɗewa, ba mai riƙe su sai Mai rahama. Kuma ba kowane wasa ne shari'a ta ƙi ba: Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa an yi tseren dawaki, ya yi kokawa da Rukana. Doki kuwa yana kayar da mahayi, kowa a ƙasar nan ya san wanda ya karye a sukuwa.

Inda maganar take shi ne rai. Ranka amana ce a hannunka, ba dukiyarka ba ce da za ka yi kyauta da ita. Allah ya ce a Baƙara, aya ta 195, kada ku jefa kanku da hannayenku cikin halaka. Na san Abu Ayyub al-Ansari ya bayyana cewa ayar ta sauka ne a kan barin ciyarwa saboda Allah da komawa ga dukiya, amma malamai sun yi aiki da gamewar lafazinta, kuma ayar Nisa'i ta 29, kada ku kashe kanku, tana ƙarfafa ta. Da wannan aya ce Amru ɗan Asi ya kafa hujja a daren da sanyi ya tsananta, ya yi taimama ya bar wanka, Annabi ya ji ya yi dariya bai hana shi ba. Abu Dawuda kuma ya ruwaito cewa wanda ya kwana a saman ɗaki wanda ba shi da abin tarewa, alƙawarin kariya ya kuɓuce masa. Mu da muke hawa saman soro mu kwana a bazara mun san wannan hadisi da kyau. Kwanan bai haramta ba. Kwana ba rawanin da zai tare ka idan ka mirgina, shi aka zarga.

Mafi kusa da tambayarka a littattafanmu ita ce mas'alar shiga teku. Sayyidina Umar ya hana Mu'awiya kai mutane yaƙi ta ruwa don tausayinsu, Sayyidina Usman ya yi izini daga baya, da sharaɗin kada a tilasta wa kowa. Shehu Halil a Muhtasar, a babin Hajji, ya tattara hukuncin cikin layi ɗaya: teku kamar tudu yake, sai fa idan halaka ta yi rinjaye a cikinsa, ko kuwa zai sa mutum ya tozarta rukunin salla. Ka ga ma'aunin kenan. Ba a ce sai inda ba haɗari ko kaɗan ba, da haka ne da ba wanda zai hau mota zuwa Zinder. Rinjaye ake dubawa: a irin yadda za ka yi abin, tsira ce ta fi yawa ko halaka?

Da wannan ma'auni, tambayarka ta rabu gida biyu, hukuncinsu kuma ba ɗaya ba ne.

Koyo a makarantar da hukumar ƙasar ta san da ita, hannun mai koyarwa mai takardar shaida, ya halatta. Dalili shi ne yadda suke bi da mai koyo. Kwanakin farko ƙafarsa ba ta barin ƙasa, yana koyon tayar da laima bisa kansa da riƙe ta a iska har hannunsa ya saba. Daga nan sai ƙaramin gangare, ya tashi mita kaɗan ya dira. Sai mai koyarwa ya gamsu ake kai shi dutse, da hular kwano a kai, da laimar ceto a cikin kujera, da rediyon oba-oba a ƙirji, wani malami a wurin tashi, wani a wurin sauka yana gaya masa abin da zai yi. Da sassafe ko da la'asar sakaliya ake barinsa ya tashi, lokacin da iska ta kwanta. Duk da haka ana jin ciwo, musamman a idon sawu da kashin baya, mafi yawa wurin tashi da wurin sauka, kuma ana mutuwa. Ba zan ɓoye maka wannan ba. Amma wanda ya bi wannan hanya tsira ce ta yi rinjaye a kansa, ya ɗaure raƙumarsa sannan ya yi tawakkali, kamar yadda ya zo a hadisin Tirmizi.

Halaccin yana tafiya da sharuɗɗansa, idan suka faɗi shi ma ya faɗi. Ranar da mai koyarwa ya ce ba a tashi, ba ka tashi ko da ka biya kuɗin mota ka hau dutsen. Laimar mai koyo gudunta na yau da kullum wajen kilomita 35 zuwa 40 ne a awa, saboda haka iska mai ƙarfi baya za ta yi da kai, ba yadda za ka yi. Idan hadari ya haɗu, kada ka kusance shi: a watan Fabrairu na 2007, a Ostireliya, gajimaren hadari ya zuƙe wata ƙwararriya har kusan mita 10,000, ta suma a can sama, Allah ya yi da sauran kwananta, wani ɗan ƙasar Sin da hadarin ya kama tare da ita bai tsira ba. Waɗannan gwanaye ne na gasa. Kada ka saki birki don ɗaukar hotonka, wanda ya tashi don a gani ya haɗa riya da ganganci. Jiran iska a kan dutse yakan cinye yini, to kada ya cinye maka salla, wannan ne sharaɗi na biyu da Halil ya ambata. Tashin mutum biyu a laima ɗaya, wanda da shi ake fara ɗanɗana wa baƙo, jiki ne ke manne da jiki a ɗaure, bai halatta tsakanin namiji da macen da ba matarsa ko muharramarsa ba. Kuɗin kuma ka duba: sabon kaya cikakke ya haura miliyan biyu na sefa. Makaranta tana ba mai koyo aron kaya, ya ishe ka. Kuɗin da aka turo maka don karatu ba naka ba ne ka karkatar.

Shawarar abokinka kuwa haramun ce, a kanka da a kansa, kuma ina roƙonka don Allah kada ka ko gwada.

Maradi shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce, ba dutsen tashi, shi ya sa ya kawo maganar mota. Gaskiya ne a ƙasashen da ba duwatsu ana jan laima da igiya, amma da na'ura ta musamman mai auna ƙarfin ja tana sassautawa, da makullin da matuƙi zai saki igiyar da kansa, da abin yanke ta nan take a hannun wanda aka horar. Igiyar da aka ƙulle a bayan mota ba ta da ko ɗaya. Da zarar laima ta ɗan karkace gefe, jan motar ƙara karkatar da ita yake, birki ya daina aiki, ta kifo da mutum ƙasa da ƙarfin mota. Masu wannan sana'a da kansu suna gargaɗi a kan haka tun ranar farko. Ƙara da laima ta hannu wadda ba wanda ya gwada ta: rana tana cin wannan yadi har iska ta riƙa ratsa shi alhali ido na ganinsa lafiya lau, igiyoyi kuma suna miƙewa ko su tsuke. Ƙara da iskarmu. A hunturu ga ƙarfi ga hazo. A bazara, da rana ta take, guguwa ce ke tashi a fili ba sallama, guguwa kuwa naɗe laima take kamar tabarma. Da damina ka san iskar da ke rigan hadari isowa daga gabas, mai kwashe kwanon ɗaki. Bidiyo ba ya ganin abin da ke bayanka, ba ya ce maka dakata. A nan halaka ce ta yi rinjaye, kuma abokinka da ke riƙe da sitiyari yana da kaso a jininka idan wani abu ya faru, domin Imam Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa ba cuta ba cutarwa.

Duk lokacin da na ɗauko ƙamus ɗin Sihah sai mawallafinsa Jauhari ya faɗo mini a rai. Mutum ne da Larabci ya zauna a bakinsa, amma masu tarihi sun ruwaito cewa ya ɗaura ƙyaure biyu a jikinsa, ya hau saman masallaci a Naisabur wajen shekara ta 393 bayan Hijira, ya ce zai tashi, ya faɗo ya rasu. Allah ya jiƙansa. Kaifin ƙwaƙwalwa a wani fanni bai koya masa iska ba, kai ma karatun jami'a ba zai koya maka ba.

Akwai kuma hukuma. Sararin sama yana da doka a Nijar, ga filin jirgi a cikin gari, ga halin tsaro da yankinmu na bakin iyaka yake ciki. Abu ya tashi sama ba sanarwa a wannan zamani, ba wanda zai tsaya tambayar ko ɗalibi ne ke wasa. Biyayya ga hukuma a abin da ke kare rayuka wajibi ce.

Maganar kawunka ba daidai ba ce, sai dai ka gaya masa cikin ladabi. Wanda ya kashe kansa shi ne wanda ya nufi mutuwa. Wanda ya cika sharuɗɗa ajali ya same shi, ba laifi a kansa, kamar wanda ya rasu a hatsarin mota ne. Wanda ya yi ganganci ya mutu yana da zunubin gangancinsa, lamarinsa yana ga Allah. Dukansu ana yi musu wanka da salla. Kai, ko wanda ya kashe kansa da gangan, a mazhabarmu ana sallatarsa, musulmi ne.

Saura Inna, kuma ita ce ta fi nauyi a duk tambayarka. Wani ya zo neman izinin jihadi, Annabi ya tambaye shi ko iyayensa suna raye, ya ce e, ya ce to a cikinsu za ka yi jihadinka; Buhari da Muslim ne suka ruwaito. Wani kuma ya zo mubaya'a a kan hijira ya baro iyayensa suna kuka, aka ce masa ya koma ya sa su dariya kamar yadda ya sa su kuka. Idan aka mayar da mutum daga jihadi da hijira saboda hawayen iyaye, ina ga abin da iyakarsa halas? Tsoron Inna ba son zuciya ba ne, abin yana da haɗari na gaske, saboda haka hanin nata yana aiki a kanka. Muddin tana kan bakanta, bai halatta ka shiga makarantar ba, kuma yin sa a ɓoye don tana nesa ya fi muni, ka haɗa saɓa mata da yaudararta.

Amma ƙofar ba ta rufe ba. Mai yiwuwa abin da take gani a ranta mutum ne ya yi tsalle daga dutse da zane a hannu. Kada ka sake tayar da maganar a wannan hutu. Idan an kwana biyu, ka nemi wanda take jin maganarsa, yayanta ko mahaifinka, ka nuna musu yadda ake koyon tun daga ƙasa, ka faɗa musu haɗarin yadda na faɗa maka, ba ragi. In ta amince da zuciya ɗaya, ba don ka dame ta ba, ka je ka koya bisa sharuɗɗan da na ambata, ka yi addu'ar hawa kafin ka tashi. In ta ce a'a, ka bar shi, ka riƙa duba mata lokaci zuwa lokaci ko ranta ya sauko.

Allah ne mafi sani.