Tambayoyinku kan Sadarwa: Tsadar Data da Gasar Kamfanoni, Ina Sakkwato Ta Tsaya?

Wasiƙun wannan mako kusan duk daga jihar Sakkwato suka fito, kuma kukansu ɗaya ne: data ta yi tsada, sabis bai gyaru ba. Mun zaɓi guda biyar.

Assalamu alaikum. Kuɗin da nike kashewa ga data don na'urar POS da wayata ya ƙaru ƙwarai. Ga kamfanoni har huɗu a ƙasar nan, mi ya hana su gasa su rage muna? Ko haɗa baki sunka yi? Daga mai shagon POS, Mabera.

Wa alaikumus salam, Malam. Ƙarin da ka gani yana da izinin hukuma. A watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanoni su ƙara har kashi 50 cikin ɗari, bayan sun nemi kashi 100. Rabon da a taɓa ma'aunin farashin tun 2013. Wasu tsare-tsaren kuma ƙarinsu ya wuce haka, domin garaɓasa ce aka janye: tsarin MTN na giga 15 na mako ya tashi daga naira 2,000 zuwa 6,000, har sai da kamfanin ya fito ya ba jama'a haƙuri.

Hujjar kamfanonin tana da tushe. Kusan duk kayan aikinsu da dala ake sayowa, kuma tun da aka saki naira a Yunin 2023 dalar da take ƙasa da 500 ta haura 1,500 a 2024. Yawancin turakun sabis ma ba nasu ba ne, haya suke yi a hannun kamfanoni irin IHS da American Tower, kuma dala da farashin man gas suna shiga lissafin hayar. Turke yana cin wuta dare da rana. Inda wutar Kaduna Electric ba ta zama, janareto da batir ne ke riƙe da shi. MTN ta bayyana asarar kusan naira biliyan 400 a shekarar 2024.

Maganar gasa kuwa, huɗu ne a takarda, amma biyu ne ke riƙe da kasuwa. MTN na da fiye da rabin layukan ƙasar, Airtel na da wajen kashi ɗaya cikin uku, Glo da T2, wato tsohuwar 9mobile, suna raba ragowar. Manya biyu da ke ɗauke da nauyin kuɗi iri ɗaya ba sa buƙatar zama a ɗaki su haɗa baki. Kowa yana kallon farashin ɗan'uwansa ya ajiye nasa kusa da shi. Masu shekaru za su tuna abin da gasa ta gaske ta taɓa yi. Daga 2001 ana cajin kira da minti, ana cewa caji da sakan ba zai yiwu ba, sai Glo ta shigo da shi a 2003, nan da nan sauran suka bi, farashin layin da ake saye da dubban nairori kuma ya faɗo.

Akwai abin da ya fi shafar Sakkwato. Manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku, MainOne da Glo-1 na 2010, WACS na 2012, Equiano na Google na 2022, duk a gaɓar Legas suka sauka. Daga can sai an ja wayar faiba a ƙarƙashin ƙasa tafiyar kilomita wajen dubu kafin ta iso nan. Jihohi ne ke da ikon karɓar kuɗin haƙa hanya. An yi yarjejeniya a kan naira 145 kowace mita, wasu jihohi irin Kaduna suka yafe shi gaba ɗaya, wasu kuma suka ci gaba da karɓar fiye da haka. Ga masu aikin titi da ke tsinke wayar da katafila, ga ɓarayin batir da man janareto. Inda faiba ba ta kai ba, turke yana karɓar saƙo daga wani turken ta iska, kuma wannan hanya ƙunci gare ta: da magariba ta yi mutane suka hau, sai komai ya tsaya. A gabashin jihar rashin tsaro ya ƙara dagula lissafi, domin injiniya da motar mai ba sa shiga ko'ina, kuma ba a manta rufe sabis da aka yi a ƙananan hukumomi 14 a Satumbar 2021 ba. Kuɗin giga ɗaya a Mabera daidai yake da na Ikeja, amma abin da mutum ke samu da shi ba ɗaya ba ne. A ganinmu, abin da ya kamata 'yan kasuwar Sakkwato su matsa wa wakilansu a kai shi ne sauƙaƙa haƙa faiba da kare ta, da kuma tabbatar da rabon jihar a shirin gwamnatin tarayya na shimfiɗa faiba kilomita 90,000.

Ina karatu a Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Abokina da ke Indiya ya ce data can kamar kyauta take. Me ya sa ba za a kwaikwayi tsarinsu ba? Daga ɗalibi, Dundaye.

Abokinka gaskiya ya faɗa, amma ka ji yadda aka kai can. A Satumbar 2016 kamfanin Jio na Mukesh Ambani ya fara aiki, bayan ya kashe biliyoyin daloli yana shimfiɗa faiba da turaku a faɗin ƙasar. Ya ba da data kyauta na kusan wata shida, sannan ya sa farashin da babu mai iya binsa. Masu saye sun ji daɗi sosai. Sai dai ƙananan kamfanoni sun mutu: Aircel ya karye a 2018, Telenor da Tata suka miƙa harkarsu ga Airtel, Vodafone da Idea suka haɗe a 2018. Aka wayi gari da manyan kamfanoni masu zaman kansu uku, kuma tun Disambar 2019 suke ƙara farashi lokaci bayan lokaci, har da na Yulin 2024. Duk da haka datarsu na cikin mafi arha a duniya, saboda yawan jama'a a cunkushe da kuma faibar da aka riga aka binne.

Wasu ƙasashen ta wata hanya suka bi. A Afirka ta Kudu jama'a sun yi ta kuka tun 2016, hukumar kula da gasa ta yi bincike ta fitar da rahoto a Disambar 2019, daga nan Vodacom ta rage giga ɗaya na wata daga rand 149 zuwa 99. A Habasha kamfanin gwamnati ne kaɗai har sai da Safaricom ta fara aiki a Oktoban 2022. A nan gida ma, a ƙarshen 2016 NCC ta so ɗaga mafi ƙarancin farashin data don kada manya su murƙushe ƙanana, jama'a suka yi ca, aka dakatar. Ka ga abin da wuya: arha ta yau tana iya kashe mai gasar gobe. Ma'aunin da hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya kan intanet ta sa shi ne kada datar buƙata ta wuce kashi 2 cikin ɗari na abin da mutum ke samu a wata. Ga mai albashin naira 70,000, naira 1,400 ke nan.

Ina sayen data ta wata, sai ta ƙare cikin kwana goma. Ba na komai sai WhatsApp da kallon wa'azi. Sata ake yi mini? Daga wata malamar Islamiyya, Arkilla.

Malama, Allah ya ƙara ilimi. Kafin a zargi kowa, a tambayi wayar. Ranar da kika sayi data ki danna *323# ki rubuta abin da ya nuna. Ki shiga setin, wurin da aka rubuta Data usage, ki sa lissafin ya fara daga ranar. Bayan kwana uku ki sake danna *323#, ki kwatanta abin da ya ragu da abin da wayar ta ƙirga. Ɗan bambanci ba komai ba ne. In ya yi yawa, ki ɗauki hoton allon duka biyu, ki kira 300 ki karɓi lambar ƙorafi, in ba su warware ba ki kira NCC a 622, kyauta ne.

Galibi dai wa'azin ne. Bidiyo a YouTube a kan 360p yana cin wajen mega 300 a awa, a 720p ya haura giga ɗaya, a 1080p ya kai biyu zuwa uku. Manhajar tana ɗaga ingancin hoto da kanta duk lokacin da sabis ya yi ƙarfi, shi ya sa data ta fi saurin ƙarewa a 4G. Tun da muryar malami kike bi, ki mayar da shi 240p ko 360p. A WhatsApp ki kashe saukar da hotuna da bidiyo kai tsaye, domin zauren mata guda mai mutum ɗari biyu yana iya cika waya da bidiyon biki ba ki buɗe ko ɗaya ba. Ki hana Play Store sabunta manhajoji sai a kan Wi-Fi, ki kashe tura hotuna zuwa Google Photos ta data, ki hana Facebook kunna bidiyo da kansa. In yara suna jona wayarsu da taki, ki canza kalmar sirrin. Ki danna *305# ki ga ko akwai wani tsarin da ke cire kuɗi ba da saninki ba.

Wajen saye kuma a raba kuɗin da yawan giga. A ce tsari ɗaya naira 500 ne giga ɗaya, wani kuma 5,000 giga 15: na farko 500 kowace giga, na biyu wajen 333. Amma a karanta ƙasa, wani lokaci rabin gigar ta dare ce ko ta manhaja guda.

Mu gidaje goma ne muna son haɗa kuɗi mu sayi Starlink mu raba. Zai yiwu? Daga wani magidanci, Bodinga.

Alhaji, ta fuskar na'ura zai yiwu, amma a yi lissafi da kyau. Starlink, mai ba da intanet ta tauraron ɗan'adam, ta fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, ƙasa ta farko a Afirka. Kuɗin wata na gida ya taɓa zama naira 38,000, a 2025 ya koma 57,000, kayan kuma dubu ɗaruruwa ne. A duba shafinsu ranar saye, domin dala na motsa shi. In aka raba 57,000 gida goma, kowa 5,700.

Wuta ce mutane ke mantawa. Babban faifan da ke kama saƙo daga sama yana cin wat 75 zuwa 100, wato wajen kilowat-awa 1.8 zuwa 2.4 a yini. Don ya kwana yana aiki ana buƙatar fanel na sola da jimillarsu ta kai wat 600, da batir mai ruwa na 12V 200Ah guda biyu, domin irinsa ba a zuƙe fiye da rabinsa in ana son ya daɗe, sai inbata ƙarama mai tsabtar wuta. In za a riƙa kashewa daga sha biyun dare zuwa asuba, batir ɗaya zai iya. Ƙaramin samfurin, Mini, wat 25 zuwa 40 yake ci, amma bai dace da gida goma ba.

A kafa faifan inda sama take a buɗe. Reshen dogon yaro guda da ya gitta ya isa ya riƙa yanke kiran bidiyo. Manhajarsu tana da hanyar duba wannan da kyamarar waya kafin a huda komai. Rautar, wato na'urar da ke raba Wi-Fi, a sa ta a inuwa mai iska, kada a rataye ta ƙarƙashin kwano, domin zafin Afrilu da Mayu na Sakkwato yana sa ta rage gudu ko ta mutu. Lokacin hunturu a riƙa goge ƙura a fanel duk 'yan kwanaki. Wi-Fi na rauta ɗaya ba zai ratsa katangun gida goma ba. Sai an ja wayar intanet irin ta Cat6 zuwa kowane gida, kada tsawonta ya wuce mita 100, a sa ƙaramar rauta a ƙarshe, ko a yi amfani da eriyar waje masu kallon juna. A sa rauta mai iya ƙayyade gudun kowane gida, in ba haka ba yaro ɗaya mai sauke finafinai zai tsayar da kowa, rigima ta tashi tsakanin maƙwabta. A kuma binne sandar ƙarfe ta kariyar tsawa kafin damina.

Abu na ƙarshe, sharuɗɗan tsarin gida na Starlink sun hana sayar da shi ga wasu, kuma sayar da intanet a matsayin sana'a yana buƙatar lasisin NCC. In niyyar ta kai ga buɗe wa jama'a suna biya, a nemi tsarin kasuwanci da lasisi tun farko.

Ina fatauci tsakanin Illela da Ƙonni. Wani lokaci ina cikin Illela kuɗina ke zurarewa. Kuma ina son canza kamfani ba tare da rasa lambata ba. Daga wani ɗan kasuwa, Illela.

Malam, a bakin iyaka waya tana kama turken da ya fi ƙarfi, ko da na Nijar ne, sai a caje ka kamar ka ƙetare. Ka kashe Data roaming a setin, ka mayar da zaɓen sabis na hannu ka zaɓi kamfaninka da kanka. In za ka kwana a Ƙonni, layin can ya fi sauƙi.

Canza kamfani da lambarka kuwa ana yi tun 2013, kuma kyauta ne. Ka je ofishin kamfanin da kake son komawa da lambar NIN wadda aka yi wa layin rajista da ita, ka cike takarda, ka tura PORT zuwa 3232, su ba ka sabon layi. Ka cinye kati da datar da ke tsohon kafin ranar, domin ba sa bin ka, ka kuma biya bashin da ka ranta. In sunan da ke kan rajista ya saɓa da na NIN za a ƙi buƙatar. Bayan ka koma sai ka yi kwana 45 kafin a bar ka ka sake canzawa, don haka ka fara aron layin wannan kamfani ka gwada shi a rumfarka ranar Lahadi da kasuwa ta cika, da kuma a gida bayan isha'i.