Tambaya da Amsa: Tagar tsohon tarago ta ruɓe, in gyara ko in sake sabuwa?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ni kafinta ne a Zariya, an kawo min aikin wani tsohon taragon jirgin ƙasa da ake so a mayar da shi yadda yake a da, tagoginsa na katako ne irin wanda ake saukewa ƙasa ya shige cikin jikin taragon, to gindin firam ɗin duk ya ruɓe gara ma ta ɗan taɓa shi. Dan Allah in cire in yar ne in buga sabo?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam kafinta. Don Allah kar ka yar da komai tukuna, wannan ruɓaɓɓen firam ɗin shi ne ma'auninka, da wuya ka samu zanensa yanzu. Ka cire shi a hankali, ka sa lamba a kowane yanki, ka auna. Jirgi ya iso Kano tun 1911, ƙaramin layin Zariya zuwa Jos kuma an rufe shi a 1957, ka ga abin da ya rage na irin kayan nan ba yawa, ni dai yana min ciwo in ga an farfasa su an yi itacen girki.

Sandar ƙasan firam ɗin ce kan fara mutuwa saboda nan ruwa ke kwanciya. Ka soka tsinin ƙusa a na gefe da na sama, in bai nutse ba ka bar su, ta ƙasan kawai za ka sake. Ka nemi maɗaci wanda ya bushe sosai, ɗanye zai murɗe maka. Haɗin kuma ka bi nasu, ka fafe rami a ɗaya ka fere harshe a ɗayan su shiga juna da gam, ban da ƙusar ƙarfe, tsatsa take yi ta baƙanta katakon ta tsaga shi, sukurun tagulla za ka sa.

Inda kafintoci ke faɗawa shi ne lokacin hunturu, katako ya tsuke ka auna shi cif-cif, damina na sauka ya sha danshi ya kumbura taga ta ƙi motsi sam. Ka bar mata kamar milimita 2 kowane gefe. Sannan ka leƙa cikin ramin da take sauka, akwai ƙananan hudoji na fitar ruwa a ƙasa, yawanci za ka tarar ƙura da tsatsa sun toshe su, ka buɗe su kafin ka mayar da gilashin.